Ranar da Rufina Ta Kashe Inji a Gaban Dodo

Rufina Marupa matar yayana ce. Ni ne Abdon, mai gyaran injinan jiragen ruwa a bakin kogin Beni, nan garin Rurre, kuma tun da aka kawo ta gidanmu ba ta kirana da sunana sai in faɗa za ta yi mini. "Baƙin hannu" take ce mini, saboda man inji. Ni ina ce mata "matar yaya", in kuwa na ga ranta a sake in ce "matarmu", ta jefe ni da ɓawon ayaba.

A San Lino aka haife ta, ƙauyen da ke can saman kogin Eshawa, inda in ka tashi da sassafe sai rana ta karkata kake isa. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuma tana ƙetare kogi ba tare da ta ɗaga ta ba. Yayana Meliton da yankan katako ya fara. Da manyan itatuwan bakin ruwa suka ƙare, baƙi kuma suka fara zuwa kallon kurmi, sai ya rataye zarto ya koma yi musu jagora. Wani ɗan kasuwa, Don Wilfredo, ya gina bukkokin saukar baƙi kusa da San Lino, ya buɗe ofis a gari da ƙaton hoton damisa a ƙofa. Meliton yana tuƙi yana shiga daji da mutane, Rufina tana dafa musu shinkafa da busasshen nama, da kifin da ake naɗewa a ganye a gasa. Jirgin na Meliton ne, shi ya sassaƙa abinsa. Injin na Don Wilfredo ne.

Wata damina maciji ya sari Meliton a ƙwauri. Kogi ya cika ya tumbatsa, kafin a iso da shi asibiti ƙafar ta lalace, aka yanke ta daga gwiwa. Don Wilfredo ya zo dubiya da kaza a hannu, ya yi jaje, sannan ya ce dole zai nemi wani matuƙin.

"Ai ka samu," in ji Rufina. "Ga ni."

"Donya Rufina, tuƙi fa na ce, ba tuya ba."

"Na ji ka sarai. A bakin kogin nan aka yanke mini cibiya. Wannan da ke kwance, wa kake tsammani ya nuna masa inda duwatsu suke?"

Meliton daga kan gado ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Don Wilfredo. Ni kuma a ajiye mini kujera gaban murhu. Ba sai da ƙafa biyu ake soya kifi ba."

Haka suka yi musanya. Ita ta koma bayan jirgi ta riƙe inji, shi ya koma madafa da sandarsa. Matuƙan tashar jiragen ruwa suka samu abin dariya na wata da watanni. Ba ta isa ta ɗaure jirgi ba sai wani ya ɗaga murya.

"Rufina! Ina kika baro uwargida?"

"Tana can tana dafa abin da taka ba ta iya ba. In ta gama zan aiko maka da ƙanzo."

Da suka ga ba ta jin kunya, ba ta kuma taɓa kifar da jirgi ba, sai suka gaji suka koma kan wani.

Baƙinmu daga nesa suke zuwa. In ruwa ya ɓata filin jirgin sama, mota suke biyowa daga La Paz, su yini su kwana suna gangarowa daga duwatsu, su sauka ƙafafu a kumbure, fuska fari fat kamar ɓararren rogo. Duk abin da suke so su ji shi ne an kawo su inda hannun mutum bai taɓa ba. Rufina ba ta jin Turanci, ba ta kuma taɓa neman koya ba. A kowace tawaga ba a rasa wanda ya tsinci yarenmu, shi take naɗawa tafinta, ta jera su a bakin ruwa kafin kowa ya sa ƙafa a jirgi.

"Gaya musu, ba a taɓa komai, ba a ciyar da komai. Kwalbar da mutum ya shiga da ita shi zai fito da abarsa. Damisa kuwa ban yi wa kowa alkawarinta ba, ba ni na haife ta ba."

A lokacin wasu masu jagora mesa suke jawowa daga fadama su rataya wa baƙo a wuya a ɗauki hoto, ko su ɗaure ayaba a sanda birai su yi ta hawa kafaɗun mutane. Ita ba ta yi. Wani ƙaton Bature ya taɓa nace mata sai ta kamo masa ɗan kada ya riƙe. Ta kashe inji ta nuna masa ruwa.

"Shiga ka kamo da kanka. Uwarsa tana nan ƙarƙashin jirgi, sai ku daidaita."

Amma in ta shiga da mutane cikin kurmi, ta sa su zauna shiru a gindin wata bishiya har su fara gajiya, sai ka ga manyan aku ja da shuɗi sun sauko kan gangaren jar ƙasa suna ci, ko karnukan ruwa sun ɓullo suna huci. Mutane sukan dawo da cizon sauro har a fatar ido, suna murna. Don Wilfredo ya ga haka ya sa aka rubuta a ƙofar ofis cewa kamfaninsa ba ya cutar da daji.

Shekarar annoba baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Bukkoki suka cika da jemagu. A cikin wannan shirun ne aka jawo dodo zuwa saman kogi. Haka muke kiran jirgin haƙar zinare: gidan ƙarfe ne mai hawa biyu a kan ruwa, da dogon hanci da yake zuƙo ƙasan kogi ya amayar da tsakuwa a baya. Aka kafa shi a babbar kwanar Eshawa, wajen da kififfiya ke hawa yashi su yi ƙwai. Kafin baƙi su dawo, yashin ya zama tsibin duwatsu, ruwan ya koma kalar kunu, gaɓa ta zaftare da itatuwanta. Da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba, suke tattara zinaren, sauran kuma ya bi ruwa. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa San Lino ta fara cewa masu ciki su rage cin manyan kifaye. Mutanen da ba su san wani nama ba sai kifi suka dube ta kawai.

Fermin, ɗan Rufina na fari, yana cikin waɗanda suka kama aiki a kan dodon. Magidanci ne, ya ajiye gemu, yana da matarsa Delsi. Ranar da ya zo ya faɗa musu ina gidan.

"Mama, kurmi ba ya sayen magani. Baƙinku sun gudu ranar da aka yi atishawa. Zinare bai gudu ba."

"Kifin da ka ci ka yi wannan gemun fa?"

"In ban yi ba wani zai yi. Gara ɗan gari ya samu."

Meliton ya ce, "Ku ci abinci, zai huce." Babu wanda ya ci. Fermin ya ɗauki hularsa ya fita.

Da hanya ta buɗe baƙi suka fara dawowa, Don Wilfredo ya same mu a rumfata, ina kwance injin ina duba abin da ke sa shi tari. Ya ja Rufina gefe, amma rumfar ba ta da gefe, komai na ji. Akwai wata 'yar hanyar ruwa da ke shiga cikin fadama kafin a kai kwanar, ta zagaya ta ɓullo can sama. Ya ce daga yanzu nan za ta riƙa bi da baƙi.

"Hanyar ma ta fi kyau," in ji shi. "Akwai inuwa, akwai tsuntsaye. In sun ji ƙara ki ce aikin hanya ake yi."

"Wace hanya, Don Wilfredo? A cikin ruwa?"

"Donya Rufina, mutanen nan daga wata duniya suka taso don su huta. Ba a tarar baƙo da ciwon gida. In suka ga abin nan suka watsa, ni da ke da mijinki duk mun tashi aiki. Kuma masu abin ba mutanen wasa ba ne."

Rufina ta juyo wajena. "Baƙin hannu, gobe za ka bi ni. Ban yarda da tarin nan ba."

Washegari muka ɗebi baƙi. Akwai wasu matasa, miji da mata, da wani mutum mai kyamara doguwa kamar taɓarya wanda tsuntsaye kawai ya zo nema, da wata dattijuwa mai furfura, Margit, wadda ta iya yarenmu, ta zama tafinta. Muka bar Beni muka shiga Eshawa. Rana ta take muka iso bakin hanyar fadama. Na dubi Rufina. Ta cusa ganyen koka, wanda mutanenmu ke taunawa, a kumatu, ta gyara zama, ta miƙe sambal ta bar hanyar a hannun hagu.

"Matar yaya," na ce a hankali, "kin wuce."

"Na gani. Ido biyu gare ni."

Tun kafin mu sha kwanar ƙarar ta cika mana kunne. Muna juyowa ga shi nan, ya tokare rabin kogi, yana fitar da baƙin hayaƙi, mai yana shawagi a kan ruwa. Rufina ta matsa har muna ganin fuskokin ma'aikata, ta kai hancin jirgi kan tsibin tsakuwa ya tsaya, sannan ta kashe inji.

"Donya Margit, gaya musu wannan ma yana cikin yawon. Nan yashi ne da. Nan kififfiya ke haihuwa, tun kakata tana yarinya. Can inda kuke ganin ramin nan, akwai wata bishiya da sai mutanen gida guda sun haɗa hannu suke zagaye ta. Su kalla da kyau, ba sauri muke ba."

Margit ta fassara. Matasan suka fito da wayoyinsu. Mai kyamara ya ɓata rai ya yi magana da sauri, Margit ta ce, "Ya ce shi ba wannan aka nuna masa a hoto ba, tsuntsaye ya zo gani."

"Zai gan su, da yamma. Amma ya san daga ina suka gudo."

Shugaban ma'aikatan, wani mai suna Don Remberto, ya fito kan bene yana ɗaga hannu. "Ke! Ke mai jirgi! Wa ya ba ki izinin tsayawa nan? A sauke wayoyin nan!"

Rufina ta miƙe tsaye a cikin jirgin. "Izini? A kogin Eshawa? Kai wa ya haife ka a nan?"

"Muna da takardunmu!"

"To ka jiƙa su ka sha, tunda ruwan ya gagari sha!"

Wasu daga cikin ma'aikatan suka fashe da dariya, suka yi maza suka gimtse. A nan na hango Fermin. Yana tsaye wajen bututu, ruwan laka har ƙirji. Don Remberto ya juya ya ce masa wani abu, Fermin ya sauko bakin ƙarfen, kusa da mu.

"Mama, don Allah ki tafi."

"Ban gama ba."

"Kina so a kore ni ne? Delsi na da ciki, kin sani."

"Na sani. Shi ya sa na tsaya." Ta juya wajen baƙin. "Donya Margit, gaya musu wannan ɗana ne. Ni na haife shi, ba ɓarawo ba ne, ba mugu ba ne. Aiki ya rasa. Kar wanda ya ɗauki fuskarsa. Ku ɗauki ƙarfen."

Fermin ya tsaya yana kallonta, sannan ya juya ya hau sama. Margit ta gama fassara hawaye na zubo mata. Na yi tsammanin Rufina za ta lallashe ta. Ina! Sai ta kama hannun matar ta ɗaga, ga zobe a yatsa.

"Daina kuka, Donya. Kukanki ba zai wanke ruwan nan ba. Wannan na hannunki, kin san daga wane kogi ya fito? Ni ma ban sani ba. In kin koma gida ki tambaya."

Sai da ta ga dama ta ce in tura jirgi. Injin da ya yi mako yana tari ya tashi a ja ɗaya. Da yamma ta kai mai kyamara inda ya ga tsuntsayensa har ya gaji, Meliton kuma ya ciyar da su kaza, ya ce kifi ya tafi hutu.

Kafin mu dawo gari labari ya riga mu. Don Wilfredo yana tsaye a tasha da mutum biyu da sifana. Bai yi ihu ba. A gaban kowa ya sa aka kwance injinsa daga jirgin.

"Na gaya miki, Donya Rufina. Ke kika zaɓa."

"Ni na zaɓa. A kula da shi, yana son a canja masa mai."

Aka bar ta zaune a jirgi babu inji, matuƙa sun yi cirko-cirko suna kallo. Wani ya ce, "To Rufina, yanzu sai a koma tuya." Ta ɗauki filafili ta tuƙa jirgin da hannu har gaban rumfata, ta ɗaure, ta hau.

"Baƙin hannu, wancan tulin ƙarafan da kake ta ajiya kamar gadon uba, babu inji a ciki?"

"Matarmu, wannan injin ban ruwa ne. Na lambu."

"Yana juyawa?"

"In an roƙe shi."

"To fara roƙo."

Na haɗa mata shi da doguwar sanda da farfela a ƙarshe, irin wanda mutanen ƙauye ke amfani da shi. Ƙararsa kamar ana dukan garwa, gudunsa kuma rabin na da. Meliton ya bar bukkokin Don Wilfredo a ranar, bai jira an sallame shi ba. Mutanen San Lino suka taimaka musu suka kafa rumfuna biyu na ganyen kwakwa a bayan gonar kakan Rufina, aka rataya gidajen sauro. Rufina ta samu allo ta sa aka rubuta mata da fenti: INA NUNA KURMI DA ABIN DA KE CINSA. Kullum motar La Paz za ta iso, tana tsaye a tashar mota da allonta a ƙirji, a tsakiyar samari masu riƙe da hotunan damisa.

Yawancin baƙi sukan karanta su wuce. Ba laifinsu ba ne, mutum ya kwana a mota ba ya neman a ƙara masa baƙin ciki. Wani mako ta samu mutum biyu, wani mako babu ko ɗaya. Wasu masu sayar da fetur suka fara ce mata ya ƙare, alhali ga duro a cike. Wata safiyar Lahadi, ranar kasuwa, muka tarar da jirgin ya nutse a inda yake ɗaure, an huda cikinsa da gatari. Na ce mu ja shi bayan rumfata mu gyara a ɓoye.

"A ɓoye? Ni na huda shi?"

Ta sa aka jawo shi tsakiyar tasha, inda mutanen ƙauyuka ke sauke ayaba da lemo, aka kifa shi. Ta hura wuta ta ɗora kwalta, ta zauna tana liƙewa tana waƙa da ƙarfi. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Wani bawan Allah ne ya ga jirgina ba shi da taga." Kafin azahar mata masu sayar da kifi sun kewaye ta, wannan na riƙe katako, wannan na miƙo ƙusa. Su ma cinikinsu ya faɗi tun da aka fara maganar zaiba, kuma ba su da wanda za su zaga sai ranar.

Fermin bai sake taka gidan iyayensa ba. Rufina kuwa duk sati sai ta kai wa Delsi kaza ko ƙwai, ta ajiye a ƙofa, ta ɗauke duk kifin da ta gani a madafa ta tafi da shi. Delsi ba ta hana ta, ba ta kuma yi mata godiya.

Dodo ba ya rayuwa sai da man dizal, man kuma ta Eshawa yake bi a cikin wani faffaɗan jirgi mai ɗauke da durori. Matan San Lino ne suka fara maganar, ba Rufina ba, amma da aka zo neman wanda zai tsaya a tsakiya kowa ita ya duba. Da rani, inda kogin ya tsuke a ƙasan ƙauyen, tun kafin a kai kwanar, suka jera kwale-kwale daga gaɓa zuwa gaɓa suka ɗaure da igiya. Tsofaffi, masu goyo, har da matar mai wa'azi. Jirgin mai ya iso da hantsi ya yi ta busa ƙaho. Direban ya leƙo.

"Iyayena, ku buɗe, ni aike ne kawai!"

"Mun sani, ɗana," in ji Rufina. "Koma ka ce ba ka same mu a gida ba."

Ya matso da hancin jirginsa har ya taɓa nata, yana tsammanin za ta ja baya. Ta zauna daram ta buɗe ƙullin abincinta, dakakkiyar ayaba da cuku, ta fara ci. Ya tsaya har rana ta yi zafi, ya juya. Suka kwana suka tashi a wajen suna karɓa-karɓa, maza suna kawo itace da ruwan sha daga rafi. Jiragen ayaba da na marasa lafiya ana kwance musu igiya su wuce. Na mai ne kawai ba ya wucewa. Ƙarar dodon ta fara yankewa, wata safiya kuma aka wayi gari shiru, har ana jin birai suna kururuwa a ƙetare.

Sai ga 'yan sanda daga gari. Suka ce an tare hanyar jama'a, suna neman shugaba. Matan suka ce ba su da shugaba. Rufina ta miƙe ta kakkaɓe siket.

"Kar ku wahalar da yaran nan, rana na dukansu. Ni ce. Amma a jirgina za mu tafi, ni zan tuƙa, naku direban bai san duwatsu ba."

Haka kuwa aka yi, ita ta tuƙo kanta zuwa ofishin 'yan sanda. Suka tsare ta 'yan kwanaki. Meliton ya sauko gari, kullum da rana sai ya dogara sandarsa ya je da tukunya guda, wadda za ta ishe ta ta ishi masu gadinta. Ya zauna a benci yana zuba musu.

"Ku riƙe ta da kyau," yake ce musu. "Ni na yi shekaru ina gwadawa ban iya ba."

A ƙarshe suka sake ta, babu wanda ya zo ya tsaya a kan ƙarar. An buɗe kogin, mai ya ci gaba da wucewa, amma matan sun gano hanya: duk bayan ɗan lokaci sai a wayi gari igiya ta koma. Kafin damina ta biyu aka kwance dodon aka ja shi ƙasa, aka shiga da shi wani kogin can gabas. Wasu suka ce matan ne suka kore shi. Wasu suka ce zinaren kwanar ne ya ƙare. Na tambayi Rufina wanne ne.

"Ƙoshi ya yi ya tashi," ta ce. "Kar ka sa mini kambun da ban ci ba. Je ka dubi kwanar ka gaya mini wa ya yi nasara."

Kwanar tana nan yadda suka bar ta, tsakuwa tsibi-tsibi da ramuka masu koren ruwa. Ciyawa ta fara fitowa a kai. Kififfiya ba su dawo ba.

Fermin ya bi dodon gabas. Kafin nan Delsi ta haifi mace, lafiyayya, aka jira shi har ya samu hutu kafin a yi baftisma. Ya zo ya rame, yana tari. Bayan coci aka zauna cin abinci a gidan Meliton, uwa da ɗa a teburi ɗaya, kowa na satar kallonsu. Ita ta fara magana.

"Ba sa ba ku abinci a can?"

"Suna bayarwa."

"Ba alama." Ta ɗauki cinyar kaza daga kwanonta ta sa a nasa.

Ya ci. Can ya ce, "Har yanzu kina tsayawa da baƙi a kwanar?"

"Kullum."

"Ai babu komai a wajen yanzu."

"Shi nake nuna musu."

Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba shi ba. Da hutunsa ya ƙare ya koma. Yana aiko wa matarsa saƙo, wani lokaci ya ce a gaishe da Baba, sau ɗaya ya ce a gaishe da Mama.

Yanzu Rufina ta yi furfura, gwiwoyinta suna damunta in an yi sanyi. Baƙinta ba su da yawa, amma ba sa yankewa; wani ne ke gaya wa wani, su sauka daga mota suna tambayar matar nan mai faɗa. Don Wilfredo ma ya daina bin fadama. Bara ya sa aka ƙara a allonsa cewa ana kai baƙi su ga ɓarnar masu haƙar zinare, har da hoton kwanar. Da aka gaya mata ta yi dariya har ta ƙware.

Makon jiya ta shigo rumfata tana jan wata tsohuwar jarka, ta dire a gabana.

"Baƙin hannu, ina so ka ɗaura mini wannan a jirgi. Tankin ya yi mini kaɗan."

"Ina za ki da mai haka, matarmu? San Lino bai matsa ba."

"Gabas. Matan can sun aiko, sun ce ba su san yadda ake ɗaure igiyar ba."

"Fermin fa yana can."

"To sai me? Na tafi masa da ƙwai."

Na ce injin ba zai kai ba, na lambu ne, ya tsufa. Ta ce in ya mutu a hanya ai ina cikin jirgin. Jibi za mu tashi, Meliton ya riga ya fara soya guzuri.